Wasannin Sega Mega Drive da ba a ba su haƙƙinsu ba

Tambayar da aka yi ita ce: mutum yana da tsohuwar na'urar Sega Mega Drive, ya buga Sonic da Streets of Rage da Mortal Kombat har sun gundure shi, to waɗanne wasanni ne na wannan na'ura jama'a suka tsallake alhali sun cancanci a zauna a buga su a yau?

Na'urar ta fito a Japan a watan Oktoba na 1988, ta isa Amurka a 1989 da sunan Genesis, sannan ta shiga Turai a 1990, kuma kafin a daina yayinta an fitar mata da wasanni sama da 800. A cikin wannan tari akwai shara mai yawa, don haka ba kowane wasan da aka manta da shi ba ne aka zalunta. Da yawa mantuwar ce ta dace da su. Waɗanda zan ambata kuwa ba rauninsu ne ya binne su ba. Wani ya zo tun mutane ba su san yadda ake buga irinsa ba, wani an kalli kwalinsa aka ce kwaikwayo ne, wani ya iso bayan hankalin kowa ya koma kan sababbin na'urori, wani kuma bai bar Japan ba a zamaninsa. Ina ba mai tambaya shawarar ya riƙe dalilin kowanne, domin abin da ya sa mutanen wancan lokaci suka ajiye wasa shi ne sau da yawa zai sa shi ma ya ajiye shi a cikin minti goma na farko, idan ba a gargaɗe shi ba.

Ba zan tsaya a kan Gunstar Heroes da Castlevania: Bloodlines da Contra: Hard Corps ba. Dukkansu nagari ne, amma an yi ta yabonsu shekara da shekaru, har ya zama duk wanda ya nemi labarin wannan na'ura da su zai fara cin karo.

Wanda na fi ganin an zalunta shi ne Herzog Zwei na kamfanin Technosoft, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 1989, ya isa Amurka a 1990. Kwalinsa da hotunansa sun nuna jirgin yaƙi, kuma kamfanin da ya yi shi an san shi da wasannin harbi na Thunder Force, saboda haka masu saye suka ɗauka wasan harbi ne. Suka shiga suna ta harbi, suka ga ba sa cin nasara, suka ce wasan ba shi da kan gado. Har wasu mujallun Amurka na lokacin suka ba shi maki kaɗan. Alhali wasan dabarun yaƙi ne da ake bugawa kai tsaye ba tare da jiran juna ba, irin nau'in da bai samu suna ba sai bayan fitowar Dune II a kwamfuta a 1992, kuma daga cikin waɗanda suka yi aikin Dune II akwai wanda ya ambaci Herzog Zwei a matsayin abin da suka duba.

Ga yadda yake. Kana sarrafa wani mutum-mutumi da ke rikiɗa ya zama jirgin sama. Kana da babban sansani, abokin gabarka ma yana da nasa, a tsakaninku kuma akwai ƙananan sansanoni warwatse a fili. Kuɗi na shigo maka daidai da yawan sansanonin da ke hannunka, da kuɗin kake sayen mayaƙa iri takwas, daga sojan ƙasa zuwa tankar yaƙi da motar kakkaɓo jirage da motar kai mai da harsashi. Wurin da mutane suka kasa ganewa shi ne, ba ka jan waɗannan mayaƙa da hannunka. Tun wajen saye kake ɗora wa kowane umarni, ko ya tsaya ya yi gadi, ko ya je ya kama sansani mafi kusa, ko ya nufi hedikwatar abokin gaba, kuma umarnin ma kuɗi ake biya. Daga nan sai ka ɗauke shi a cikin jirginka ka sauke shi inda kake so, shi kuma ya ci gaba da abin da aka umarce shi. Sojan ƙasa huɗu ne ke kama ƙaramin sansani idan suka shiga cikinsa. Jirginka kansa yana shan mai, idan ka yi nisa da sansanoninka man ya ƙare, sai ya tarwatse ka koma gida ka sake tasowa. Wannan ƙa'ida ta mai ita ce ruhin wasan, domin ita ke sa kowane ƙaramin sansani ya zama abin faɗa: ba kuɗi kaɗai yake kawowa ba, shi ne matattakalar da za ta ba ka damar matsawa gaba.

Idan kana bugawa da na'ura, wasan yana da daɗi matsakaici, domin da zarar ka gane halinta sai ka riƙa cin ta da dabara ɗaya. Darajarsa ta gaskiya tana fitowa ne idan mutum biyu suka zauna aka raba allo gida biyu, kowa yana satar kallon ɓangaren ɗan'uwansa don ya ga inda zai sauke tanka. Duk rubutun da ke cikinsa gajerun alamomi ne da lambobi, don haka ka nemi bayanin umarnonin ka karanta kafin ka kunna. Rashin yin haka ne ya kashe wasan a zamaninsa.

Gain Ground na Sega ya sha irin wannan rashin fahimta. Ya fara a gidajen wasa a 1988, ya zo Mega Drive a 1991 da matakai 50. A ido ba shi da kyau, mutanensa ƙanana ne kuma tafiyarsu a hankali take, shi ya sa wanda ya zo neman gudu da fashe-fashe yake saurin kashe shi. Kowane mataki allo ɗaya ne, kuma ana wuce shi ta hanya biyu: ko ka kashe abokan gaba duka, ko ka fitar da mutanenka ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar fita kafin lokaci ya cika. Da mutum uku kake farawa, sauran kuma, har su kai 20, fursunoni ne da za ka tarar a fili ka ɗauko ka kai ƙofa. Wanda aka harbe daga cikin naka ba ya mutuwa nan take, yana zama fursuna a inda ya faɗi, sai ka aiko wani ya ɗauko shi, idan shi ma aka harbe shi to na farkon ya tafi ke nan. Kowane mayaƙi da irin makaminsa: wani mashinsa na tsallake katanga, wani kibiyarsa na kaiwa kan soro, har hannun da mutum yake riƙe makami da shi, dama ko hagu, yana canza inda harbinsa zai bi idan ya laɓe a kusurwa. Wasan lissafi ne da aka sa wa rigar wasan harbi, kuma shi ma ya fi armashi da mutum biyu.

Sai waɗanda aka yi wa kallon kwaikwayo. Babba a cikinsu shi ne Soleil, kamar yadda aka kira shi a Turai, ko Crusader of Centy a Amurka, wanda kamfanin Nextech ya yi, ya fito a Japan a 1994. Duk wanda ya ga hotonsa zai tuna Zelda na Super Nintendo na 1991: yaro da takobi, ana kallonsa daga sama, yana sare ciyawa yana tsintar kuɗi. Zargin ba ƙarya ba ne, kamannin a fili suke. Amma bayan kamar awa ɗaya wasan yana kaucewa zuwa inda Zelda bai taɓa zuwa ba. Yaron, mai suna Corona, ya gaji takobin mahaifinsa ranar da ya cika shekara 14, kamar yadda dokar garinsu ta tanada, don ya je ya yaƙi dodanni. Ba da jimawa ba sai ya rasa jin maganar mutane, ya koma jin maganar dabbobi da tsirrai. Daga nan dabbobin da ya haɗu da su suke zama kayan aikinsa, yana tafiya da biyu a lokaci guda: tsuntsun ƙanƙara yana sa takobin da ya jefa ya daskarar da abu, zaki yana sa masa wuta, kurege mai tashi yana sa takobin ya riƙa dukan bango yana dawowa, kuma haɗa wasu biyun yana haifar da wani ƙarfi na uku.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne labarinsa. Tunda yaron ya fara jin maganar waɗanda ba mutane ba, sai ya fara jin ta bakin dodannin da aka aike shi ya kashe. Akwai wurin da aka mayar da shi wata 'yar halitta mai yauƙi, irin wadda 'yan wasa ke kashewa ɗari-ɗari ba tare da tunani ba, ya shiga cikin iyalinta, ya ga yadda uwa ke ɓoye 'ya'yanta idan jarumin mutane ya doso da takobi. A rabi na biyu yana komawa zamanin da ya wuce yana ganin asalin gabar. Ba zan faɗi ƙarshensa ba. Fassararsa tana da rauni a wasu wurare, kuma wasan gajere ne, ba shi da wuya sosai, amma a cikin wasannin 1994 da aka yi domin yara, kaɗan ne suka yi ƙarfin halin tambayar ko jarumin ne mai laifi.

Wasu daga cikin ma'aikatan da suka yi Soleil sun fito ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna Gau Entertainment, wanda Nextech ya haɗiye, kuma su ne suka yi Ranger X a 1993. Shi wannan matsalarsa hannu ce. Maɓalli ɗaya yana juya ka hagu ka yi harbi, wani yana juya ka dama, ga roka a bayanka da ke zafi idan ka daɗe a sama, ga kuma babur da ke biye da kai wanda za ka iya hawa ko ka shige cikinsa. Idan hannunka na wasa, wato abin sarrafawa, mai maɓalli shida ne, har sarrafa babur ɗin kake yi daban. Rabin awa na farko jiki ba ya karɓa. Wanda ya daure zai tarar da wasan da ya matse na'urar har iyakarta, da launuka fiye da yadda aka saba gani a kanta, da wata dabara mai kyau: manyan makamanka da haske suke samun caji, don haka a matakin kogo sai ka fasa rufin dutse rana ta shigo kafin ka samu ƙarfin ci gaba.

Rocket Knight Adventures na Konami, shi ma na 1993, ya faɗo ne a shekarar da kowane kamfani ya ƙirƙiro wata dabba mai rawar kai don ta yi gogayya da Sonic, har mutane suka gaji da su. Jaruminsa Sparkster wata ƙaramar dabba ce mai kama da gafiya, sanye da sulke, da takobi da roka a baya, yana yaƙar rundunar aladu. Wanda ya jagoranci aikin, Nobuya Nakazato, shi ne ya jagoranci Contra III da Contra: Hard Corps, kuma hannunsa a bayyane yake, domin wasan ba ya maimaita dabara. Kana riƙe maɓalli roka ta cika, ka saki ta harba ka ta kowace fuska, idan ka daki bango a karkace sai ka yi tsalle zuwa ɗaya bangon. Akwai matakin da duwatsu suka rufe maka gani, ba ka ganin inda za ka taka sai ta inuwarka da ke bayyana a kan narkakken dutsen da ke hawa yana sauka a ƙasa. A ganina ya fi yawancin wasannin da suka fi shi suna a wannan nau'i, kuma shi ne mafi sauƙin shiga a duk waɗanda na lissafa.

A watan Nuwamba na 1994 Sega ta fitar da Saturn a Japan, a Disamba Sony ta fitar da PlayStation, daga nan mujallu da masu saye suka juya wa Mega Drive baya. Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokaci ne masu shirya wasanni suka gama sanin na'urar ciki da bai, suka san yadda za su tatsi injinta na Motorola 68000 da na'urar sautinta ta Yamaha, don haka wasu daga cikin mafi ingancin wasanninta sun fito ne ranar da kasuwa ta watse.

Ristar, na farkon 1995, yana cikinsu. Asalinsa wata dabara ce da aka ajiye lokacin da ake neman jarumin da ya zama Sonic, wato halitta mai kama abubuwa. Ristar tauraro ne mai hannaye masu miƙewa ta fuska takwas. Ba ya gudu, tsallensa ma gajere ne, komai da kamu ake yi. Ka kama abokin gaba ka fizgo kanka ka yi masa karo, ka kama reshe ka haye, ka kama sanda ka yi ta juyawa har ta wurga ka sama. Wanda ya zo da tunanin Sonic zai ce wasan ya cika nawa, amma gininsa ya fi na Sonic tsari, domin kowace duniya daga cikin shida tana zuwa da sabuwar ƙa'ida. A ta huɗu, wadda aka gina a kan kiɗa, kana ɗaukar na'urar ƙidayar bugun kiɗa kana kai wa wasu tsuntsaye, kuma duk wanda ka kai wa sai ya ƙara wani sashe a kiɗan matakin, har ya cika. Yaro zai iya buga shi, babba kuma ba zai raina shi ba.

Alien Soldier na kamfanin Treasure shi ne kishiyarsa, kuma ba kowa zan ba shawarar ya taɓa shi ba. Ya fito a 1995 a Japan da Turai. A Amurka ba a sayar da kaset ɗinsa ba, sai ta Sega Channel, wata hanya da ake aiko wasanni ta wayar talabijin. Matakansa 25 ne, amma matakan ba komai ba ne illa 'yar gajeriyar hanya da za ka tsinci ƙarfi kafin bos na gaba, wato babban abokin gaba, domin kusan duk wasan faɗa ne da bos bayan bos, ga kuma agogo yana ƙirga maka lokaci. Matakan wahalarsa biyu ne kacal, Supereasy da Superhard, kuma na farkon ma ba sauƙi gare shi ba, sai dai yana ba ka damar ci gaba ba iyaka da kalmar sirri ta komawa inda ka tsaya. Wasan a kan Superhard yake zuwa, don haka abu na farko shi ne ka shiga saituna ka canza.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne buga shi kamar Contra, wato gudu da harbi ba tsayawa. A nan makamai huɗu da ka zaɓa daga cikin shida suna ƙarewa, sai wanda ka ajiye ya huta yake sake cika. Abubuwa biyu ne ke riƙe da wasan. Na farko wata zabura ce da ke wurga ka daga wannan gefen allo zuwa wancan, kana ratsa komai ba abin da zai taɓa ka, idan kuma jininka a cike yake sai zaburar ta zama tsuntsun wuta da ke cinye kaso mai yawa na jinin bos, ta ɗan rage naka. Na biyu shi ne danna maɓallin harbi sau biyu da sauri, wanda ke mayar da harsashin abokin gaba ya zama abin ƙara jini. Idan ka haɗa su sai ka ga tsarin: ka tare harsashi ka cika jini, ka zabura da wuta, ka sake tarewa. Bos ɗin da ya ɗauke ka minti biyu yana kashe ka, ranar da ka gane shi cikin daƙiƙa goma za ka gama da shi. Wanda ba ya jin daɗin maimaita abu har ya ƙware, ya bar shi ya nemi Dynamite Headdy na kamfanin guda, na 1994, wanda ya fi shi raha.

The Story of Thor, wanda ake kira Beyond Oasis a Amurka, ya fito a Japan a Disamba 1994, sauran ƙasashe a 1995. Kamfanin Ancient ne ya yi shi, na iyalin Yuzo Koshiro, wanda ya yi kiɗan Streets of Rage. Yarima Ali ya tono wata munduwar zinariya da ke kiran aljanu huɗu, na ruwa da na wuta da na inuwa da na tsiro, amma ba a kiransu daga jerin zaɓi. Sai ka nemo abin da ya dace a inda kake ka haska shi da munduwar. Ɗigon ruwa daga rufin kogo ya isa ya kira ta ruwa, fashewar bam ta isa ta kira na wuta, madubi ko ƙanƙara mai sheƙi na kiran na inuwa. Wannan ya sa kake duban kowane ɗaki da idon neman mafita. Faɗansa kuma ya fi kusa da na Streets of Rage fiye da na Zelda, da mutane manya a allo da salon duka da ake fitarwa ta juya maɓallin tafiya. Kiɗansa ne ya raba kan jama'a, domin Koshiro ya bar salon da aka san shi da shi ya gwada wani mai kama da na ƙungiyar makaɗa, kuma ni ma ban ɗauke shi cikin mafi kyawun aikinsa ba.

Biyu daga cikin waɗanda kaset ɗinsu ya maƙale a Japan sun cancanci nema. Monster World IV na kamfanin Westone ya fito a Afrilu 1994, kuma bai samu fassarar Turanci daga masu shi ba sai a 2012. Jarumarsa Asha yarinya ce mai takobi da garkuwa, a wata ƙasa mai fasalin tatsuniyoyin Larabawa, tare da wata shuɗiyar halitta mai tashi da ake kira Pepelogoo. Da ita ake yin kusan komai: ka riƙe ta ka sauko a hankali, ka yi tsalle na biyu da ita, ka jefa ta ta danna abin da hannunka bai kai ba, ka ɗora ta a ka ta tare maka wuta. Motsin Asha kaɗai, yadda take gudu da yadda take buɗe akwati, ya isa ya nuna irin kulawar da aka ba aikin. Gargaɗi ɗaya: idan ka gama wani yanki ba a komawa cikinsa, don haka ɗigon ƙarin rai da ka bari a baya ya tafi, kuma dalar ƙanƙara da ke tsakiyar wasan ta yi tsawo fiye da kima. Na biyun shi ne Pulseman na 1994, wanda Game Freak suka yi shekara biyu kafin Pokémon ya sa duniya ta san su, da hannun Satoshi Tajiri da Ken Sugimori da Junichi Masuda. Jarumin yana tara lantarki a jikinsa idan ya yi gudu, ya dunƙule ya zama ƙwallon wuta mai dukan bango yana dawowa, ruwa kuma yana kashe masa ƙarfi. Bai kai Monster World IV ba, amma yana da kyau. Bayan allonsa yana walƙiya da launuka masu ƙarfi a wasu matakai, don haka wanda irin wannan haske ke tayar wa ciwo ya nisance shi.

Sub-Terrania na 1994, aikin wasu matasa 'yan Denmak da ake kira Zyrinx, da kiɗan Jesper Kyd, na masu haƙuri ne: ƙaramin jirgi a cikin ramin haƙar ma'adinai, nauyi na jan ka ƙasa, mai na ƙarewa, kana ceto ma'aikata. Landstalker na 1992 kuwa ana yawan saka shi a irin wannan jeri, kuma labarinsa da barkwancinsa sun cancanta, sai dai ana kallonsa ne a karkace kuma abubuwan da ke cikinsa ba su da inuwa, don haka sau da yawa ba ka sanin inda dandamali yake sai ka faɗi. Wanda ya san ba ya jure irin wannan kada ya fara da shi.

Akwai abin da ya kamata a rarrabe, wato wasan da ba a samu da wasan da yake da kyau. Masu tara kaset sun sa wasu sunaye sun yi tsada saboda kaɗan aka buga, kuma tsadar tana sa a riƙa yabonsu fiye da abin da ke cikinsu. Soleil da Alien Soldier suna cikin masu wuyar samu a kaset na asali, amma ba wannan ne ya sa na ambace su ba, kuma ba dole ne sai ta wannan hanya za a buga su ba. Ƙaramar na'urar Mega Drive Mini da Sega ta fitar a 2019 tana ɗauke da The Story of Thor da Monster World IV da Landstalker da Dynamite Headdy, ta biyunta kuma ta 2022 tana da Herzog Zwei da Gain Ground da Ranger X da Ristar da Soleil da Alien Soldier, ko da yake jerin yana ɗan bambanta tsakanin ta Japan da ta sauran ƙasashe.

Wanda zai buga a tsohuwar na'urar kanta ya lura da abubuwa kaɗan. Na'urorin Turai suna aiki da tsarin talabijin mai bugu 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka kuma 60, don haka wasan da ba a gyara shi ba yana tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari a na'urar Turai, da baƙin layi sama da ƙasa. A Soleil ba za ka damu ba, a Alien Soldier da Rocket Knight Adventures kuwa bambancin a jiki ake jin sa. Yawancin kaset na farko-farko ba su da kullen yanki, amma daga wajajen 1992 da yawa suna duba na'urar su ƙi tashi idan ba ta yankinsu ba ce, kuma kaset ɗin Japan siffarsa ta bambanta, ba ya shiga ramin na'urar Turai ko ta Amurka sai da mahaɗi. Na'urorin jabu sukan ɓata sauti, kuma kaset mai wasanni da yawa a ciki galibi ba ya adana inda ka tsaya, abin da zai hana ka gama Soleil ko The Story of Thor ko Monster World IV. Ko kaset na asali ne, yawancin irin waɗannan dogayen wasanni da ƙaramin batir suke riƙe ajiya, kuma batirin da aka saka a 1994 ya riga ya wuce wa'adinsa, don haka a gwada ajiya a kashe na'ura a sake kunnawa tun kafin a zuba awanni a ciki, idan ta ɓace a kai wa mai gyara ya canza shi. Idan kuma wani tsohon wasa ya rikice da hannu mai maɓalli shida, a riƙe maɓallin Mode lokacin kunna na'ura, zai koma aiki kamar mai maɓalli uku.

Game da inda za a fara, mai bugawa shi kaɗai ya fara da Rocket Knight Adventures ko Ristar, domin ba sa buƙatar karatu ko bayani, daga nan ya wuce Soleil idan yana karanta Turanci ko ɗaya daga cikin harsunan Turai da aka fassara shi. Wanda yake da abokin bugawa da hannu biyu ya nemi Herzog Zwei, su karanta umarnonin tare, su ba shi zama uku ko huɗu kafin su yanke masa hukunci. Alien Soldier a bar shi sai an gama Gunstar Heroes, saboda a can ne hannu zai saba da irin saurin da kamfanin Treasure ke nema.